Jadawalin Da Ya Kai Baba Gidan Gwaggo

Ko da zan manta komai na shekarata ta farko a jami'a, ranar da na fara ganin jadawalin lakcarmu ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni 'yar Aujara ce, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta samu gurbin karatu a Dutse. Ban samu ɗaki a cikin makaranta ba, sai Baba ya ce in riƙa zuwa ina dawowa a motar haya, da sharaɗin magariba ta riske ni a gida. Na amince ba tare da wani tunani ba.

Mun gama rajista, an sa mana hannu a takardar kwasa-kwasai, amma jadawali shiru, kullum sai a ce gobe. Kwatsam aka sanar a zaurenmu na waya cewa an liƙa shi a allon sanarwa na sashenmu. Baba da kansa ya ɗauko ni a babur, wai yana so ya ga inda 'yarsa za ta riƙa yini.

Muka tarar da gaban allon a cike maƙil, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto. Da ƙyar na kutsa na ɗauki nawa, na dawo gindin darbejiyar da Baba yake tsaye.

"To, karanto mini," in ji shi.

Na fara cikin ɗoki, har na iso Talata da Alhamis, inda aka sa mana lakca daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Nan na tsaya. Ni da shi mun san kafin in je tasha, mota ta cika, mu wuce Jahun, an daɗe da yin isha'i.

Baba ya ce mu je wurin malamin da yake kula da 'yan ajinmu. Malamin ya ba shi kujera, ya yi masa bayani cikin girmamawa cewa sassa da yawa ne suke raba ɗakunan karatu, in aka taɓa awa ɗaya sai komai ya rikice. Sannan ya tambaya, "Baba, ba ku da wani ɗan'uwa a garin nan?"

Muna da shi mana. Yayarsa, Gwaggo, a Dutse take aure, amma tun rabon gonar gado ba sa ga maciji, har mu yara ba ma ambatonta a gabansa.

Da muka fito ya daɗe zaune a kan babur bai tayar ba. Ni kuwa na riga na haƙura, ina ta share hawaye da gefen hijabi. Can ya ce, "Hau." Maimakon hanyar gida, sai na ga ya karya kwana cikin gari.

Gwaggo tana tankaɗe muka yi sallama. Ta fito hannu duk gari, ta tsaya turus. Baba, da furfurarsa da komai, ya durƙusa a soro.

"Yaya, ina wuni."

"Sai yau ka gane hanya?"

"Yarinyar nan ce ta kawo ni. In ba ki riƙe ta ba, karatunta ya tashi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya ciko. "Wannan ce mai sunan Inna?" Ta jawo ni jikinta, garin ya ɓata mini hijabi. "Kai ka je da rigimarka, ita ka bar mini ita."

Ta shiga ta damo fura ta miƙa masa, ya karɓa ya sha. Babu wanda ya tayar da zancen gona, ranar ko bayanta. A ɗakinta na zauna har na kammala karatu, Baba kuma duk sanda ya shigo Dutse sai ya biyo ya gaishe ta.

A lokacin murnar samun wurin kwana kawai nake yi. Sai da na girma na fahimci nauyin durƙuson nan a wurin mutum irin Baba. Ranar ta koya mini cewa iyaye suna haɗiye abubuwa masu ɗaci saboda mu ba tare da sun faɗa ba, kuma sau da yawa 'yan'uwan da suke gaba sun gaji da ita, kowa jira yake ɗayan ya fara yin sallama.