Ƙasa Ba Ta Cizo

Jiya jikana ya gaishe ni a tsaye, sai na ji tsaki ya kuɓuce mini, irin na marigayi Baba sak.

Tun da Baba ya ajiye aikin gardi ya dawo Madarunfa, kullum yana zaure, yana tauna goro yana faɗa da zamani. Duk yaron da bai durƙusa masa ba sai ya ce, "Ƙasa ba ta cizo."

Ranar da malamin makarantar boko mai neman aurena ya zo gaisuwa, ina laɓe bayan zana, kifin da nake soyawa yana ta ƙauri. Ya shigo da takalmi, ya miƙa wa Baba hannu kamar yadda suke yi a Maraɗi. Baba bai karɓa ba, ya ƙura wa takalman ido.

Can malamin ya tuɓe, ya durƙusa har farin wandonsa ya kwashi ƙasa.

Baba ya ce, "Ta cije ka?"

"A'a, Baba."

Ya ja tsaki, ya matsa masa gefen buzu.

Baba, Allah ya sa ƙasar da ta rufe ka ta yi maka taushi.