Kilishin da Ya Ci Jirgin Ammu Bakur

Ni ɗan masunta ne daga Yawuri. A bakin ruwa na tashi, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba sai da na zo Jidda. Ina faɗin haka ne saboda samarin da ke cewa talauci ke sa sata. Ƙarya ne, ni da cikina a cike na yi tawa.

Wanda ya ɗauke ni aiki shi ne Ammu Bakur, dattijon Bahaushe haifaffen Jidda, mai ƙaramin jirgin kamun kifi. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, shi ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, ya kama mini ɗaki a unguwar Nuzla. Ban da kamun kifi, yakan fita da wasu masu bincike da ke kula da abu salama, wata dabbar teku mai siffar kifi amma tana shaƙar iska, tana haihuwa, tana shayarwa. Irin masu doro da ke zama kusa da gaɓa sun kusa ƙarewa, shi ya sa hukuma ta hana taɓa su. Masu binciken sukan yini suna ɗaukar hoton fukafukan bayansu, ni kuwa ina yi musu kallon marasa aikin yi.

Akwai wata mai tsaga a fiffike wadda ta saba da ƙarar injinmu. Da mun fito za ta taso da ɗanta, ta riƙa ninƙaya a gaban jirgi. Ammu yana kiran ta Hajiya. Ya taɓa ce mini, "Ya waladi, ɗana, masuncin Bahar Maliya ba ya kashe abu salama. Maƙwabciya ce." Na ce to, a raina kuwa ina cewa kifi dai kifi ne.

Da man inji na fara satar, ina ɗan rage wa jarka ina sayarwa. Daga nan sai kifi biyu uku kafin mu kai kasuwa. Ammu bai taɓa lura ba, don ba ya ƙirga abin da ya ba amana. Ni kuma wawa na ɗauki hakan a matsayin wayona.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai ya bar mini jirgin. A lokacin ne na haɗu da wani dillali a unguwar Khumra, mutum mai tumbi da carbi wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa a teku ba. Fukafukan ƙirshi yake saye a ɓoye, babban kifin nan mai haƙora. Ya ce ba koton da ƙirshi ke so a ƙugiya kamar naman abu salama. Na ce ai an hana. Ya yi dariya ya ce, "Yalla ya shekh, wa ke ganinka a tsakiyar ruwa?"

Ban sha wahalar farauta ba, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Hajiya da kanta ta zo, kamar kullum, saboda ta ji injin Ammu. Na soke ta da mashi daga bakin jirgi. Ɗan nata ya bi ni yana wani kuka siriri har na kusa gaɓa, ni kuwa abin da ya dame ni kada jini ya ɓata mini wando. Tir da wannan mutumin da nake a ranar.

Koto bai cinye ko rabin naman ba. Mai hankali ko a cikin ɓarayi zubar da sauran zai yi, amma mu a gidanmu ba a zubar da nama. Na ga jan nama kamar na sa, sai na yanyanka shi fale-fale, na shanya a saman rufi, na shafa tunkuza da yaji. Na zaga unguwar Hindawiyya ina cewa kilishin raƙumi ne, mutanenmu masu kewar gida suka saye. Don tsabar rashin kunya har na ƙulle wani na kai wa Ammu dubiya.

Ya ɓalla kaɗan, ya tauna, ya tsaya. Ya sunsuna takardar da maiƙo ya jiƙa. Sannan ya dube ni ya ce, "Wane raƙumi ne yake kiwo a teku?" Na fara rantse-rantse. Ya ce, "Ina Hajiya?" Ya tofar a hannunsa ya ce, "Halas. Tashi ka tafi."

Ban tsorata ba. Jirgin da sunansa yake, in ya kai ƙara shi ma za a ƙwace abin da yake ci da iyalinsa. Na auna shi da mudun da nake auna kaina, na ce ba zai iya ba. Washegari ya ɗingisa da sanda ya je wurin masu tsaron gaɓa da ƙullin kilishina a hannu. Suka buɗe akwatin ƙanƙarar jirgin suka tarar da fukafukan ƙirshi, da fiffike mai tsaga wanda masu binciken suka gane da hotunansu. Dillalin kuwa ya ce bai taɓa ganina ba.

Aka ƙwace jirgin. Na yi zaman kurkuku, aka ɗora ni a jirgin sama aka dawo da ni gida da silifas da leda. Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara, amma tubana bai mayar wa Ammu jirginsa ba. Wani da ya dawo daga Jidda ya ce ya gan shi a kasuwar kifi yana kankare ɓawo a kan ladan da ba ya isa cefane. Ya ce ɗan Hajiya ma ruwa ya turo gawarsa, don bai isa yaye ba.

Ku samari da ke kiran cuta wayo, ku dube ni da kyau. Kada ku fara ko da jarkar mai ce. Kuma ku sani, ɓarawo ba ya samun damar baƙo mai tsoronsa. Wanda ya yarda da kai shi ne zai matso har mashinka ya kai gare shi. Ni kam, biyu ne suka matso kusa da ni a Jidda, kuma duka biyun na soke su.