Gidan da Ke Jikin Makarantarmu

Laifina ne, na yarda. Baba ya ce kada kowa ya ji maganar gidan sai an ba mu makulli, ni kuwa ko kwana biyu maganar ba ta yi a cikina ba.

Gidan yana Abakpa, katangarsa ɗaya da makarantarmu. Mu kuma a can ƙarshen Kurmin Mashi muke haya, inda sai ka yi kokawa da ma'aikata da 'yan kasuwa kafin ka samu keke napep da safe. Kullum na iso an rufe get, malamin horo yana tsaye da dorina kamar tun jiya yake jirana. Bayana ya san dorinar nan fiye da yadda kaina ya san lissafi. Shi ya sa ranar da dillali ya zagaya da mu gidan, na leƙa ta taga na hango allon ajinmu, saura kaɗan in rungume mutumin.

Washegari na kwashe komai na faɗa wa yaron da muke zama benci ɗaya. Na faɗa masa launin ƙofar, na ce akwai rijiya da bishiyar gwaba, har shagon da dillalin yake zama na kwatanta masa, don kawai ya ji haushi. Ya ce, "Kai, ka more wallahi." Kafin Baba ya gama shiri, baban yaron ya je ya kama gidan.

Baba bai dake ni ba. Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ɗauki hularsa ya tafi ofis. Ni dai da dukan aka yi min da ya fi sauƙi.

Suka tare. Yaron da muke shan bulala tare, yanzu sai an kaɗa ƙararrawa yake fitowa yana taunar burodi, ya wuce ni ina durƙushe a bakin get.

"Mutumin Kurmin Mashi, yau ma jirgin naku bai tashi da wuri ba?"

"Za ka gani," na ce, "wallahi za ka gani."

Na yi tunanin sa masa ƙadangare a jaka, na ga wannan aikin 'yan firamare ne. So nake su tattara su bar gidan da ƙafarsu, mu shiga. Sai na tuna babarsa. Baiwar Allah ce da ba ta iya ganin yaro a gidanta ba ta zuba masa abinci ba. Kuma a garin nan wace uwa ce za ta kori abokan ɗanta alhali tukunya tana kan wuta?

Ranar da aka fara, ana tashi daga makaranta na ja 'yan ajinmu kaɗan, wai mun zo shan ruwa.

"Sannu da gida, Mama."

"Ku shigo, 'ya'yana. Kun ci abinci?"

Yaron kirki sunkuyar da kai yake ya ce ya ƙoshi. Ni kuwa na ɗaga kai na ce, "Rabonmu da abinci tun jiya, Mama."

Daga nan na baza labari. Na gayyato mai tsaron ragarmu, wanda in ya zauna gaban faranti ko ƙuda ba ya samun rabo. Na gayyato 'yan ajin gaba, har da waɗanda ba ma gaisawa. Takalma a ƙofar gidan kamar masallacin Juma'a. Gwabar nan aka cinye ta tun tana ɗanya, har ganyen sai da ya ragu. Wata rana baban ya dawo daga kasuwa ya tarar an yi gaba da nasa kwanon, ya zauna yana shan gari da suga yana kallonmu.

Mutumin nawa ya rame. Ya tare ni a bayan aji.

"Don Allah ka daina. Jiya ƙanzo na ci a gidanmu."

"Ni me na yi? Zumunci nake yi. Ko Mama ce ta aiko ka?"

Ya san in ya ce ita ce, zan je in tambaye ta a gaban kowa. Ya juya ya koma aji, ni kuwa raina fari tas. Da na ji baban yana faɗa a tsakar gida, yana tambaya ko gida ya kama ko gidan biki, na koma na ce wa Ummana ta fara ɗaure kwanukanta.

Wata Litinin na iso da rundunata, muka tarar da tebur a zaure. Manyan kuloli a jere, ɗanwake da awara da shinkafa da wake, ƙanwar babar tana zaune da ludayi. Mama ta fito tana murmushi.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ashe kasuwa ce a ƙofata ban sani ba. Daga yau kowa ya zo da kuɗinsa."

"Har ni, Mama?"

"Kai da ka fi kowa ci?"

Na juya in ce wa jama'ata mu tafi, na ga har sun yi layi, mai tsaron raga a gaba.

Da shekara ta zagayo suka sabunta hayar, suka kuma kama shagon da ke jikin gidan. Mu har yau muna Kurmin Mashi.