Yadda Na Goge Wa Ƙanina Ƙungiyarsa

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai ga labaran mutane, yau ga shi na kawo nawa. Roƙona kawai a sakaya sunana.

A farkon shekarun dubu biyu ni saurayi ne mai ji da kansa a unguwar Bololo, cikin Njamena. Kakanninmu Hausawa ne da suka taso da ƙafa za su aikin Hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka ce bari su ɗan huta, hutun da har yau ba mu gama ba. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan lakwal, sai na bar karatu na koyi gyaran rediyo, daga rediyo na koma bidiyo, daga nan na faɗa harkar na'urar wasan nan da ake jonawa da talabijin, wadda muke kira gem. Aikina shi ne fasa makullinta. Masu ƙera ta sun yi ta yadda ba za ta karɓi faifai ba sai na asali, wanda talaka ba ya ko taya shi. Ni kuwa sai in buɗe cikinta, in liƙa mata wata ƴar ƙwaya da ba ta fi farcen yatsa ba, in ɗaure ta da wayoyi da dalma. Daga ranar za ta ci kowane faifan jabu da ake shigo da shi daga Kusri ta Kamaru da Maiduguri. Samarin Sabangali da Ambassatna duk sun san rumfata, kuma ina jin daɗin yadda suke tsayawa a kaina suna kallon hannuna kamar ina yin tsafi.

Akwai wani dattijon tela kusa da rumfar tawa, yakan ce mini wannan sana'a taka akwai alamar tambaya a cikinta, tunda mai abu ya kulle abinsa kai kuma ka buɗe ba da izninsa ba. Ni kuma bakina ba ya mutuwa. Nakan ce masa, Baba, wa na sata? Mai faifai yana can ƙasarsu da faifansa a hannu, ban rage masa komai ba, kwafi kawai na yi, kuma kwafi da na asali duk abu ɗaya ne. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa. Ni a lokacin gani nake na kayar da shi.

Ina da ƙane guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka haifa da amosanin jini, ciwon da ake kira sikila. Yaron nan yana son ƙwallo kamar ransa, amma ko gudun cikin tsakar gida ya yi sai ya kwana yana murƙususu. Shekarunsa sun kai na saurayi, jikinsa kuwa na ƙaramin yaro. Wani kawunmu da ke zaune a Jidda ya ji labarinsa, sai ya aiko masa da gem sabuwa fil, irin wadda ta fito a lokacin, tare da faifan ƙwallo guda ɗaya na asali da ɗan katin da ake ajiye wasa a ciki. A cikin wasan akwai inda mutum zai kafa ƙungiyarsa, ya sa wa ƴan wasa sunayen da yake so, ya hau da su daga ƙasa har sama. Ƙanina ya kafa tasa da sunayen yaran layinmu, ya sa kansa a gaba. Ya fi shekara yana renon ƙungiyar nan. Idan an kawo wuta, ko abinci yake ci sai ya ajiye. Ina dawowa da yamma nakan jiyo shi ta taga yana sharhi kamar mai rediyo, yana haɗa Hausa da Larabci da Faransanci, Inna tana yi masa faɗan kada ya shiɗe. Ni ban taɓa zama na kalla ba. Mai sayar da faifai ɗari ba ya ɓata lokacinsa a kan mai faifai ɗaya, haka nake gani.

Na sha yi masa tayin in sa masa ƙwaya, ya samu wasanni iri-iri, na faɗa da na tsere da na yaƙi. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai Yaya ka bar mini ita yadda Kawu ya aiko, wannan ɗin ya ishe ni. Har tsokanarsa nake ina kiransa malamin halal.

Gaskiyar magana ba don shi nake naci ba. Sabuwar gem ta fara shigowa gari, ƙwayarta kuma daban ce da ta tsohuwa, wayoyinta sun fi yawa, sirara kamar gashi. Duk wanda ya fara iya ta a kasuwa shi zai kwashe mutane. A sana'armu kuwa ba a koyo a kan kayan kwastoma, sai a kan mataccen inji ko na gida. Mataccen injin sabuwar babu shi a gari. Ta gida kuwa guda ɗaya ce.

Da zafi ya tsananta a shekarar, ciwon ƙanina ya tashi, tashi mai muni, aka kwantar da shi a asibiti. Ya tafi da faifansa cikin kwalinsa, yana son ya riƙa duba ɗan littafin da ke ciki. Gem ɗin da katin ya bar su a ɗaki, ya lulluɓe da zanin Inna. Ranar da za su tafi, yana cije leɓe don zafi, ya ce mini in kula masa da yaransa, saura wasa ɗaya su ɗauki babban kofi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Bayan kwana kaɗan na ɗage zanin na ɗauke ta na kai rumfa. Na gaya wa kaina alheri zan yi masa, zai dawo ya tarar da abin mamaki.

Na kwance ta, na fara ɗaura wayoyi, sai wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba yi mana. Mai hankali zai rufe ya jira. Amma mu da muka taso a gyaran rediyo muna da dabararmu, idan babu lantarki sai mu tura ƙarfen dalma cikin garwashin mai shayi, ya yi zafi mu ci gaba. Ga rediyo wannan ba komai ba ne. Cikin wannan na'ura kuwa komai ƙanana ne, ba sa ɗaukar zafin da ba a auna ba. Ina ɗora bakin ƙarfen na ji wani wari, na ga wurin ya yi baƙi, ƴan siraran hanyoyin da ke jikin allon sun naɗe sun tashi. Da aka dawo da wuta na kunna, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na yi kwanaki ina faci, ina ƙona yatsuna, ina ƙara lalata abin da ya rage.

Kullum da yamma ina zuwa asibiti da kwanon abinci. Idonsa ya yi rawaya, muryarsa ta shige, amma tambayarsa ta farko ita ce ko an rufe masa gem da kyau saboda ƙura. Sai in ce tana nan lafiya lau. Inna tana gefe tana yi masa fifita tana sa mini albarka don ina ɗawainiya da su. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sayar da babur ɗina, na haye Kusri, na samo irinta wadda aka ɗan yi amfani da ita, an riga an sa mata ƙwaya. Na cire cikinta na mayar cikin kwanson tasa, har da ɗan hoton ƙwallon da ya manna a kai. Duk wanda ya gani zai rantse ita ce. Hankalina ya ɗan kwanta, domin na san ƙungiyar ba a cikin injin take ba, tana cikin katin, katin kuwa lafiyarsa ƙalau. Da na tsaya nan, da yau ba ni da labarin da zan rubuto muku.

Amma zuciyata ta ƙi, ina so in gani da idona cewa yaransa suna nan. Faifan asali yana asibiti, sai na ɗauki na jabu daga cikin kayana na sa. Faifan ƙwallon da muke sayarwa a lokacin duk da rubutun Japan suke zuwa, babu mai karanta ko harafi ɗaya a cikinmu. Haddace su muke yi, idan rubutu ya fito ka danna maɓalli mai da'ira ka wuce. Wani rubutu ya fito wanda ban taɓa gani ba, ya fi na kullum tsawo. Yatsana ya danna tun kafin kaina ya yi tunani. Ya sake fitowa, na sake dannawa. Da na duba katin, wayam, kamar yau aka saye shi. Daga baya wani abokin sana'a ya gaya mini tambayata ake yi ko a share katin, kuma har aka sake tambayata ko na tabbata. Na zauna a ƙasan rumfa, gumi yana zuba, na kasa ko tashi in yi sallar La'asar.

Ko a nan ban saduda ba. Ni ne fa gwanin kwafi. Na je asibiti na karɓo faifan asali da sunan zan goge masa shi, na zauna na sake kafa ƙungiyar daga farko. Na rubuta sunayen yaran layi da nakan ji yana kira, na zaɓi kalar rigar da na tuna. Muna da wani faifai na maguɗi da ke ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ya kuma buɗe abin da ba ka kai gare shi ba, da shi na tara musu kofuna na kai su bakin wasan ƙarshe. Ɗan wasan da ke ɗauke da sunan ƙanina kuwa na cika masa komai har baki, gudu da ƙarfi da numfashi. Na ce ai ko ba komai zai ji daɗi.

Aka sallamo shi ya dawo gida, ƙasusuwa kawai cikin riga. Washegari da rana aka kawo wuta, ya ce in ɗaga shi in jingina shi da bango. Ya ɗage zanin, ya shafa gem ɗin, ya kunna. Inna tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ni kuma ina tsaye a bayansa, karo na farko da na tsaya kallon wasansa. Ya daɗe yana duba jerin ƴan wasan. Sannan ya fara wasan. Babu sharhi, babu ihu. Ɗan wasansa yana ta keta fili kamar doki, ya ci ɗaya, ya ƙara. Aka dawo daga hutun rabin lokaci, ya ɗan buga kaɗan, sai ya tsayar da wasan ya ajiye abin bugawar a cinyarsa.

Bai juyo ya kalle ni ba. A hankali ya ce mini sannu da ƙoƙari Yaya, sunayen sun yi daidai, amma waɗannan ba yaransa ba ne. Ya ce shi a ƙungiyarsa ba ya iya gama wasa. Da gangan ya rage wa kansa numfashi tun ranar farko, don ba ya son ya yi wa kansa ƙarya, ana dawowa daga hutu yake gajiya, sai ya fita a canje shi. Ya ce kuma wanda yake shigowa a madadinsa kullum ni ne, ni nake ƙarasa masa wasa, duk kofunan da suka ɗauka ni ne a fili lokacin da aka busa tashi. Yanzu ya duba benci bai gan ni ba.

Ban san ina cikin ƙungiyar ba. Fiye da shekara ina wucewa ta bakin tagarsa ban taɓa leƙawa ba. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga garwashi har rubutun Japan, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce ya yafe, kalas, maganar ta wuce, har ya roƙi Inna kada ta yi mini faɗa. Amma bai ƙarasa wasan ba, bai kuma sake kunna gem ɗin ba. Na kawo masa faifai kala-kala, na ce mu sake kafa wata tare, ni da shi, ya ce sai ya ƙara jin ƙarfi. Ƙarfin bai zo ba. Da damina ta kankama ciwon ya sake tashi, wannan karon bai dawo gida ba.

Na san ba ni na kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma watanninsa na ƙarshe ya yi su yana kallon rufin ɗaki, kuma ni na jawo masa wannan. Na bar sana'ar a shekarar, yanzu kayan wuta nake sayarwa. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke hukunci a kan haƙƙin kamfanonin da ke can nesa ba, har yau ina ganin tsadarsu ta yi wa talaka yawa. Abin da na sani shi ne abin da sana'ar ta yi wa zuciyata. Na saba buɗe abin da aka kulle ba tare da na tambayi kowa ba, har kalmar a'a ta daina shiga kunnena, ko daga bakin wa ta fito. Na kuma saba ganin komai yana da kwafi, har na ɗauka abin da yaro marar lafiya ya gina da hannunsa ma zan iya sake buga shi.

Ina kira ga ƙannena da ke wannan harka a yau, masu fasa wayoyi da masu buɗe na'urori. Iya buɗe abu bai ba ka iznin buɗe shi ba. Idan mai abu ya ce a bar masa yadda yake, ku bar masa, ko da kuna ganin kun fi shi sanin amfaninsa. Wanda kuma yake da marar lafiya a gida, ya shiga ɗakin ya zauna kusa da shi ya kalli abin da yake yi tun yana nan. Ni na samu wannan damar kullum, ban yi amfani da ita ba sai sau ɗaya, ranar da na zo ganin ko ƙaryata za ta wuce. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi wa ƙanina addu'a.