Taho, Akwai Ƙasa

Mu bakwai ne a ƙungiyarmu ta 'yan fatsa, duk magidanta, kuma mutanen unguwarmu ta Gwallaga, mahaukata suke ce mana. Ban ga laifinsu ba. Wane mai hankali ne zai bar bargo a tsakiyar sanyi ya je dam ɗin Gubi ya tsaya a ruwa har ƙugu? Ko tana ba ma sawa. Gashin zabo muke ɗaure wa ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, mu wurga a saman ruwa, karfasa ta taso ta cafke, in ta ga dama.

Maƙwabcin shagona a kasuwar Muda Lawal, wani Bayarabe mai sayar da atamfa, ya dame ni sai na je da shi. Ranar Asabar ɗin da za mu tafi, matarsa ta biyo mu har bakin keke-napep. "Alhaji, bai iya ruwa ba fa," in ji ta. Na ce, "Haba Madam, amanarsa tana wuyana."

Muna da doka guda. Tsohuwar hanyar kogi tana kwance a ƙarƙashin dam ɗin, kana tafiya ruwa iya ƙugu sai kawai ka zurma. Don haka baƙo ba ya ɗaga ƙafa sai wanda ya kawo shi ya shiga gaba, ya taka, ya ce masa, "Taho, akwai ƙasa."

Gari ya waye, amma tururi ya rufe ruwan fari fat, ko ƙarshen sandarka ba ka gani. Na kai maƙwabcin nawa inda ruwa ke iya gwiwa, na ce ya tsaya nan, ni kuma na matsa hagu ta bakin gaɓa. Zarena ya sarƙe da wani kututture. Ina kwancewa, ƙugiyar na riƙe a leɓena, sai na ji daga can tsakiyar ruwa an ce, "Taho, akwai ƙasa."

Muryata ce. Wallahi muryata ce, har da dishewar murar da nake fama da ita a satin.

Na ji ya taka, ruwa ya motsa. Aka sake faɗa, a hankali, ya sake takawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na tofar da ƙugiyar, na kwarara ihu, "Maƙwabci, tsaya!"

Can sai muryarsa ta fito daga cikin farin, tana rawa: "Alhaji, wanne ne kai?"

Na yar da sanda na nufi inda ya yi maganar, ina faɗuwa ina tashi. Na same shi ruwa iya wuya, ƙafarsa ɗaya ba ta taka komai. Na shaƙo kwalar rigarsa na ja.

Shugabanmu, wani tsohon malamin makaranta, shi ma ya ji muryar. Bai tambayi kowa ba. Ya yi salati, ya naɗe zarensa, ya ce mu tafi gida.

Har yau shagunanmu na jikin juna, muna gaisawa, muna cin abinci tare. Amma in na kira shi daga cikin shagona ba ya amsawa. Sai ya taso ya leƙo, ya ga bakina yana motsi, sannan ya ce, "Na'am, Alhaji." Abin yana ƙona mini rai, kuma ban taɓa iya ce masa ya daina ba.