Ranar da Mai Masauki Ya So Goge Surukarsa

"Surukata ce ta hana ni aiki! Yau sai na goge ta!"

Abin da Mai Masauki ke faɗa wa mai gyara a waya ke nan, ya ba ƙofa baya. Yana waigowa, ga surukar tsaye da hoton da ta kawo a buga mata. Shagon kuwa ɗakin gaban gidanta ne, aro ta ba shi.

Sana'arsa buga takardu da kwamfuta. Lakabin ya samo asali ne daga halinsa: duk manhajar da zai saka, in ta nuna inda take son zama, sai ya ce a'a, baƙo ba ya zaɓar ɗaki. Shi zai buɗe mata folda, ya raɗa suna. Ta rubutu tana Zaure. Ta kiɗa tana Ɗakin Samari. Ta firinta, da ta taɓa cinye masa takarda, ya kai ta Bayan Gida. Manhajar kashe bairos, cutar kwamfuta, kuwa, mai leƙe-leƙe da gargaɗi ba a tambaye ta ba, ita ya sauke a foldar da ya raɗa wa suna Surukata.

Tsohuwa ta miƙa hannu. "Ba ni makullin ɗakina, kafin a goge ni."

Ya zube ƙasa, gumi har cikin kunne. Ya juya mata allon kwamfutar. "Inna, ku duba. Mai gadi ce. Duk kwamfutar nan ba wadda mugun abu ke tsoro sai ita. Sunan wa zan sa mata in ba naku ba?"

"To me ya kawo gogewa?"

"Ƙura, Inna. Ƙura zan goge mata."

Ta leƙa allon. Sannan ta ce a ɗauke ta daga kusa da Bayan Gida, a kuma buga hoton da kala. Makulli dai ya tsira.

Tela maƙwabcinsa, wanda kunnensa ke manne da bango tun farko, ya leƙo yana riƙe da ciki don dariya. "Angon Inna! Mu ba a ba mu masauki ba?"

Mai Masauki ya karkaɗe gwiwa. "Taka foldar ta fi kowacce daɗewa. Buɗe ka gani: ba komai a ciki, sai tare wuri."