Matar da Ta Sa Muka Ƙone Furanninmu

Ranar wata Litinin, gari ya waye da yayyafi, ta fara tsayawa a lambun furannin mahaifina. Anti Gwaji muke kiranta, domin shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwajin cututtukan tsirrai. Kullum ƙarfe bakwai take wucewa ta gabanmu. Kafin manyan masu digiri su iso ta wanke kwalabe, ta niƙa ganye a ɗan turminta, ta rubuta abin da ta gani. A wannan watan ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da aji tun ina shekara sha huɗu.

A lokacin da ta fara tsayawar nan, wasu furanninmu sun fara fitar da ganye mai zanen kore da rawaya. Masu saye suka yi caa. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, ni na zuga Baba muka yi ta yankan rassa muna dasawa, muna murnar samun sabon iri.

Ranar Litinin ɗin Anti ta juya ganye ɗaya, ta daɗe tana kallon bayansa. "Baba, wannan ba ado ba ne, ciwo ne."

Baba ya yi dariya. "Ciwon da ake yi wa layi? Allah ya ƙaro mana irinsa."

"Da almakashi nawa kuke yanka?"

"Ɗaya tal. Ya ma girmi wannan sarkin yawon," in ji Baba yana nuna ni.

"To ara mini shi, da ganye uku."

Wata huɗu tana aiki a kai. Ta shafa ruwan ganyen a jikin lafiyayyun tsirrai, suka kamu. Ta gwada shi da duk ƙwayoyin cutar da aka sani, bai dace da ko ɗaya ba. Ta nace har aka aika samfuri babban ɗakin bincike, amsa ta dawo cewa sabuwar ƙwayar bairos ce. Anti ce ta nuna cewa ƙwayar ba ta bin ƙasa ko ruwan ban shuka, bakin almakashi take bi, kuma a hankali take kashe tsiron. Da rahoton ya fito, sunanta na can layin ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa. Ko a jikinta.

Da ta ce a ƙone masu ciwon, Baba ya yi mako ba ya amsa gaisuwarta. Ran Asabar sai ga ta da safar hannu. Ta durƙusa tana bin tukwanen ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu lafiya, har Baba ya ji kunya ya miƙo mata kujera.

Anti, ke ce mai faɗin gaskiya, kuma ki tsaya ki taya a ɗauki nauyinta. Ke kika koya mana tsoma almakashi a magani tsakanin tsiro da tsiro. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu irin aikinta, ku riƙa tsayawa a lambunan talakawa kamar yadda ta tsaya.

Lambunmu na nan, ya yi shar. Abin da ya tafi: tukwane ɗari uku da goma sha biyu, uwar furen da Baba ya yi shekara tara yana rainonta, da masu saye biyu da har yau suke fushi.